Giyar da ke zamewa tsakanin ta biyu da ta uku: nazarin wata Corvette ta 2016 a Texas

Asalin lamarin: shekarun tsohuwar mota

Mutumin da wannan nazari ya shafa mazaunin wani gari ne a gefen Houston, jihar Texas ta Amurka. Ba bakanike ba ne, amma yana cikin mutanen nan da ba sa iya barin mota yadda kamfani ya ƙera ta. Ya shafe sama da shekara goma yana tuƙa motar gudu Chevrolet Corvette ƙirar 2002, zubi na biyar da ake kira C5, kuma a kanta ya koyi duk abin da ya sani game da taɓa lissafin kwamfutar mota. Dole a fara daga wannan tsohuwar motar, domin abin da ya koya a kanta shi ya bi shi har cikin sabuwar.

C5 tana da inji LS1 mai lita 5.7 da ƙarfin doki 350, sai akwatin giya mai canza kansa, 4L60E, mai giya huɗu. Rabon juyinsu shi ne 3.06, 1.63, 1.00 da 0.70. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce ke kula da inji da giya duka. Aikinta a ɓangaren giya bai taka kara ya karya ba: bawul biyu masu aiki da lantarki ke zaɓar giyar da za a shiga, wani kuma na daban ke ƙara ko rage matsin mai a akwatin baki ɗaya. Sauran aikin ƙarfe ne ke yi da kansa. Idan za a tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, wata ɗamara ce ke kama ganga, nan take wani ƙarfe mai juyawa ta gefe ɗaya kawai ya saki da kansa. Babu wanda ke lissafa masa lokacin saki.

Da manhajar sauya lissafin ƙwaƙwalwar mota mai suna HP Tuners da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, abu uku ya yi wa wannan motar. Ya ɗan ƙara matsin mai, ya gajarta lokacin canjin giya, ya kuma rage yawan ƙarfin da ƙwaƙwalwa ke janyewa daga inji a daidai lokacin canji. Motar ta riƙa shiga giya kamar an harba ta, kuma ta yi shekaru a haka ba tare da an buɗe akwatinta ba. Daga nan ya riƙe a ransa cewa duk giyar da ta yi sanyin jiki, matsin mai ne maganinta.

Zubi na shida, C6, bai taɓa mallakar sa ba, kuma a nan ne aka yi babban sauyi. Tun daga ƙirar 2006 aka sa wa Corvette akwatin 6L80 mai giya shida, wanda ƙwaƙwalwarsa ta daban ce, tana zaune a cikin akwatin, a tsakiyar mai. A wannan akwati aka daina dogaro da ɗamara. Kuloci ɗaya ke saki, wani ya kama, kuma kwamfuta ce ke daidaita lokacin kowanne. Shi ya tsallake wannan darasin gaba ɗaya.

Sabuwar mota da famfon cusa iska

Ya sayar da C5 ya sayi C7 Stingray ƙirar 2016 ta hannu, mai ƙarin kayan tsere na Z51. Injinta LT1 ne mai lita 6.2, ƙarfin doki 460, ƙarfin murɗawa Nm 630 (Nm shi ne ma'aunin wannan ƙarfin). Akwatin giyarta 8L90 ne, wanda aka fara sa wa Corvette a ƙirar 2015, ana ƙera shi a Toledo ta jihar Ohio, ita kuwa motar ana harhaɗa ta a Bowling Green ta jihar Kentucky. Giya takwas ne, rabon juyinsu daga 4.56 a ta ɗaya, 2.97 a ta biyu, 2.08 a ta uku, 1.69 a ta huɗu, har zuwa 0.65 a ta takwas. A ciki akwai kuloci biyar. Kowace giya uku ne ke riƙe da ita, biyu suna sake. Ƙwaƙwalwar inji, E92, daban take, ta giya, T87, ita ma daban, waya ce ke haɗa su suna musayar bayanai.

Bayan wata biyu da saye ya kai ta wani gareji aka ɗaura mata sufacaja, wato famfon da bel ke juyawa yana cusa wa inji iska. Irin mai kama da fanka ne, wanda matsinsa ke ƙaruwa yayin da inji ke ƙara juyi, har ya kai kusan rabin bar, wato ma'aunin matsin iska, a ƙarshe. A kan injin gwajin ƙarfi, motar ta tashi daga doki 405 a taya zuwa 548. Garejin ya gyara lissafin ƙwaƙwalwar inji, bai taɓa ta giya ba. Ya biya, ya karɓi takardar gwaji, ya tafi gida yana murna.

Sati na 1 da na 2: alamar farko

A cikin gari motar lafiya lau take. Matsalar takan fito ne idan ya take totur har ƙasa, bayan man giya ya yi zafi. Allurar juyin inji sai ta hau zuwa juyi 6,400 a minti a giya ta biyu. A lissafi, da zarar ta uku ta kama, ya kamata ta faɗo kusan 4,500. Maimakon haka sai ta ƙara tsalle sama da juyi 200 zuwa 300, har ta taɓa iyakar 6,600 inda ƙwaƙwalwa ke yanke mai, injin ya yi wani ihu kamar an taka kuloci a motar giyar hannu, sannan giyar ta kama da duka guda da yake ji a gadon bayansa. A Corvette akwatin giya yana baya ne, kusa da tayoyin baya, don haka dukan a bayan kujerar direba yake sauka. Duk abin bai kai rabin daƙiƙa ba.

Daga ta biyu zuwa ta uku kusan kullum sai hakan ta faru. Daga ta uku zuwa ta huɗu, jefi-jefi. Fitilar gargaɗi ba ta kunna ba, na'urar duba mota kuma ba ta nuna lambar matsala ko ɗaya ba.

Sati na 3: canjin mai

Abin da ya fara zargi shi ne man giya, kuma yana da hujja. Kamfanin General Motors, mai ƙera Chevrolet, ya fitar da takardar umarni ga dilolinsa, mai lamba 18-NA-355, kan wasu motoci masu giya takwas da ke rawar jiki, inda ya ce a fitar da tsohon mai gaba ɗaya a zuba Mobil 1 Synthetic LV ATF HP. Ya kai motar aka yi mata haka.

Babu abin da ya sauya. Da ya karanta takardar da kyau, da ya ga cewa ciwon da take magana a kai daban ne: rawar da ake ji idan ana tafiya a hankali da ɗan totur, tsakanin kilomita 40 zuwa kusan 130 a awa, kamar an hau titi mai ƙunya-ƙunya, kuma ba a lokacin canjin giya ba. Motarsa ba ta taɓa yin wannan ba. Amfanin da aka samu ɗaya ne, wanda sai daga baya aka gane darajarsa: daga wannan rana an san man sabo ne, don haka duk wani baƙi da za a gani a cikinsa nan gaba sabuwar ɓarna ce.

Sati na 5 zuwa na 8: dabarar tsohuwar mota

Sai ya buɗe kwamfutarsa ya karanto fayil ɗin T87. Ya yi sa'a motarsa ta 2016 ce, domin daga ƙirar 2017 aka koma T87A, wadda sai an buɗe mata makulli na musamman kafin a iya rubuta komai a ciki. Kafin ya taɓa komai ya adana fayil ɗin asali a wuri biyu. Wannan ɗabi'a ce da ya taho da ita daga zamanin C5, kuma ita ta cece shi daga baya.

Abin da ya gani ya ruɗa shi. A tsohuwar motar jadawalan giya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A nan kowane canjin giya yana da nasa tarin jadawalai: na kulocin da zai kama, na wanda zai saki, na lokacin cika kuloci da mai, na tsawon lokacin canji, kuma mafi yawansu an jera su ne bisa ƙarfin murɗawar inji. Bai tsaya a kan wannan ba. Ya nemi abubuwa ukun da ya sani. Ya ƙara matsi da kashi 15 cikin 100 a duk inda ya ga kalmar matsi, ya rage lokacin canji daga sama har ƙasa, ya kuma kashe janye ƙarfin inji a lokacin canji kusan baki ɗaya.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Motar da a da take tafiya sumul a cikin gari sai ta fara fizga daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu a cikin cunkoso. Idan ya zo tsayawa a danja, sai ya ji wani ƙwas daga baya kamar wata mota ta ɗan taɓa shi. Matarsa ta daina shiga motar. Zamewar da yake son ya magance kuwa ta ragu na kwana uku ko huɗu, sannan ta dawo, wannan karon har da canjin ta uku zuwa ta huɗu kowane lokaci. Ya ƙara matsin zuwa kashi 25. Aka sake maimaita abu ɗaya: sauƙi na 'yan kwanaki, sannan komawa gidan jiya. A ƙarshen sati na takwas, bayan ya yi gudu sau biyar a jere a filin gwajin gudu cikin zafin Texas, ya ji ɗan ƙauri daga bayan motar.

Sati na 9: lambobin Z06

Wani abokinsa yana da Corvette Z06, babbar yayar Stingray, mai inji LT4 da sufacaja tun daga kamfani, doki 650, Nm 881, kuma da wannan akwati na 8L90. Tunaninsa shi ne tun da akwatin iri ɗaya ne, lambobin Z06 za su ɗauki ƙarfin motarsa. Ya kwafi jadawalan da hannu, har da na gudun da ake canza giya a kai.

Abin da ya manta shi ne giyar aksul ta baya. Z06 mai giyar otomatik tana da 2.41, Stingray mai Z51 kuwa 2.73. A juyi 6,500 cikin giya ta biyu, Z06 tana gudun kusan kilomita 116 a awa, tasa kuma kusan 103. Don motarsa ta kai gudun da ya rubuta, sai injin ya haura juyi 7,300, abin da ba zai yiwu ba. Sai motar ta riƙa maƙalewa a giya ta biyu tana dukan iyakar juyi har sai ya ɗaga ƙafa. Kwana biyu ya yi ya cire waɗannan lambobin. A nan ne ya haƙura ya nemi wani garejin.

Sati na 11: gareji na biyu

Mai wannan garejin dattijo ne da ya daɗe yana aiki a kan akwatunan 6L80 da 8L90. Tambayarsa ta farko ita ce ko fayil ɗin asali yana nan. Ta biyu kuma, ko an taɓa rubuta cikakken fayil ɗin wata mota a cikin ƙwaƙwalwar. Dalilin tambayar shi ne kowane 8L90 yana da bayanan halayen bawulolinsa da aka auna a masana'anta, masu ɗaure da lambar wannan akwatin kaɗai. Da ya ji da hannu aka kwafi jadawalai, sai ya ce da sauƙi.

Ya mayar da T87 yadda kamfani ya sake ta. Ya kwance kaskon da ke ƙasan akwatin. Man da bai fi wata biyu ba ya riga ya yi duhu, maganaɗisun da ke kaskon ya yi gashi da baƙar ƙura mai laushi. Ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya kai hanci, sannan ya haska kaskon da tocila yana neman ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli. Bai samu ba. Kuloci ya ci wuya amma bai mutu ba.

Daga nan ya sa motar a kan injin gwajin ƙarfi, ya haɗa kwamfuta tana naɗar abubuwa shida lokaci guda: juyin inji, juyin sandar shiga akwati, juyin sandar fita, lokacin wutar fulogi, zafin mai, da ƙarfin murɗawar da ƙwaƙwalwar inji ke faɗa wa ta giya. Mai motar ya yi wata biyu yana naɗar bayanai, amma wannan na ƙarshen bai taɓa sa shi a jerinsa ba, domin a C5 bai taɓa buƙatar sa ba.

A juyi 6,400, totur a ƙasa, ƙwaƙwalwar inji tana cewa Nm 500. Doki 548 a taya, idan aka mayar da abin da ke ɓacewa a hanya, ya kai kusan doki 620 a inji, wanda a wannan juyin yake daidai da kusan Nm 690. Bambancin Nm 190 ne, sama da kashi ɗaya cikin uku a kan abin da aka faɗa. A juyi 3,000 kuwa lambobin biyu sun kusa haɗuwa, saboda irin wannan sufacaja ba ta cusa iska mai yawa a ƙasa. Wato kuskuren yana girma ne daidai wurin da ake canza giya da cikakken totur, kuma shi ya sa a cikin gari ba a jin komai.

Yadda aka yi lambar ta zama haka ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san E92. A wannan injin, ƙafar direba ba ta buɗe maƙogwaron iska kai tsaye. Ƙafar tana neman wani adadin ƙarfi ne, ƙwaƙwalwa ta lissafa abin da inji ke bayarwa daga yawan iskar da ke shiga da lokacin wuta, sannan ta buɗe ko ta rufe maƙogwaro don su daidaita. Idan aka ɗaura sufacaja, lissafin yakan wuce abin da aka nema da iyakokin da kamfani ya sa, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa rufe maƙogwaro ana tsakiyar gudu. Hanyar gyara mai tsawo ita ce a ɗaga jadawalin abin da ƙafa ke nema da iyakokin. Gajeruwar kuma ita ce a danne jadawalin lissafin ƙarfi don ƙwaƙwalwa ta ɗauka injin bai fi na da ba. Garejin farko gajeruwar ya bi. Maƙogwaro ya daina rufewa, takardar gwaji ta yi kyau, amma wannan lambar da aka danne ita ce ke bin waya zuwa T87.

Dattijon ya zana masa abin da ke faruwa a bayan wata takarda. A giya ta biyu kuloci uku ne a kame. Don a shiga ta uku, wanda ake kira 1-2-7-8-R (sunan kowane kuloci jerin giyoyin da yake riƙewa ne, R kuwa ribas) zai saki, 1-3-5-6-7 zai kama, sauran biyun suna nan yadda suke. Kamar mutum biyu ne ke miƙa wa juna tulu cike da ruwa: mai bayarwa ba zai sassauta hannu ba sai mai karɓa ya riƙe, kuma dukansu suna auna ƙarfin hannunsu ne da nauyin da aka gaya musu. T87 takan rage matsin mai sakin zuwa daidai abin da zai riƙe ƙarfin da aka faɗa mata, tana cika mai kamawar a lokaci guda. An ce mata 500, sai ta sassauta daidai 500, alhali 690 ne a kai. Mai sakin ya suɓuce tun mai kamawar bai shirya ba, injin ya samu kansa babu kaya, ya yi tsalle. Da ƙwaƙwalwa ta ga juyin sandar shiga ya gudu, sai ta watso matsi da gaggawa, shi ne dukan da ake ji.

Wannan zane ya kuma bayyana abin da ya sa ƙarin matsi yake aiki na kwana uku kawai. T87 tana koyo. Bayan kowane canji takan gwada lokacin da ya ɗauka da wanda aka nufa, ta gyara matsin kowane kuloci kaɗan-kaɗan. Mafi yawan tuƙi a cikin gari ake yin sa, inda lambar ƙarfi take daidai, don haka a can sai ta ga matsin da ya ƙara ya yi yawa, ta riƙa zaftare shi. Yana ƙarawa da dare, tana ragewa da rana. Kashe janye ƙarfin inji kuwa ya ƙara dagula lamarin, domin ɗan jinkirta wutar fulogi da ake yi na ƙasa da rabin daƙiƙa shi ne ke sauƙaƙa wa kuloci kaya a daidai lokacin da yake gogawa. Da aka cire shi, duk ƙarfin injin ya riƙa bi ta kan faifan da bai gama kamawa ba, ya zama zafi. Ƙaurin da ya ji ke nan.

Sati na 12 zuwa na 14: gyaran

Kwana huɗu na farko ba a taɓa ƙwaƙwalwar giya ba. An sa na'urar auna iskar salansa aka daidaita ma'aunin iskar shiga har kuskurensa ya koma ƙasa da kashi 2 cikin 100, domin duk lissafin ƙarfi a kansa yake tsaye. Sannan aka sake gina jadawalin lissafin ƙarfi a wuraren da ke da matsin sufacaja, ana gwadawa da injin gwaji, har bambanci ya sauko ƙasa da kashi 5. Aka ɗaga jadawalin buƙatar ƙafa da iyakokin ƙarfi don maƙogwaro ya zauna a buɗe ta hanyar da ta dace.

Aka zuba sabon mai da sabuwar filta. Aka goge duk abin da T87 ta haddace a watanni ukun, sannan aka sa ta koyon gaggawa: mota a tsaye, ƙafa a kan birki, man giya a zafin kusan digiri 80 na Celsius, na'ura tana sa ta kama kowane kuloci ɗaya bayan ɗaya don ta san inda yake fara riƙewa. Dattijon ya ba shi motar da sharaɗin ya yi kilomita 300 na tuƙin gari, tashi da tsayawa, ba tare da ya take totur har ƙasa ba. Mai motar ya ce wannan satin ya fi kowanne yi masa tsawo.

Da ya dawo aka gwada da fayil ɗin kamfani zalla a ƙwaƙwalwar giya. Zamewar ta ɓace. Allura ta kai 6,400, ta faɗo kusan 4,500, ba tsalle, ba duka. Sai a lokacin aka yi gyare-gyare uku ƙanana: an ɗan gajarta lokacin canji a layukan da suka haura Nm 600 kawai, an sa umarnin canji ya fita a 6,300 domin injin yanzu yana hawa da sauri fiye da da, an kuma lissafa gudun canji bisa aksul 2.73. Janye ƙarfin inji a lokacin canji an bar shi kusan yadda yake. A gwajin ƙarshe motar ta ba da doki 541, ƙasa da na farko da bakwai.

Bayan wata shida

Ya yi kusan kilomita 9,000, da zuwa filin gwajin gudu sau huɗu. Zamewar ba ta dawo ba, fizgar cikin gari ma haka. An sake kwance kaskon: man ja ne, ƙurar kan maganaɗisu ba ta kai rabin ta farko ba. Abu ɗaya ne ya rage. A cikin lambobin da T87 ta koya, na kulocin 1-3-5-6-7 ya fi na sauran nisa daga tsakiya, alamar faifansa sun sirance yana buƙatar ƙarin mai kafin ya kama.

Hukunci

Tushen matsalar yana garejin farko. Ban ɗauka mugunta ce ba. Sun dubi aikinsu a matsayin aikin inji kaɗai, kuma a mota irin C5 da an ce sun kusa gaskiya. A C7 lambar ƙarfin murɗawa ita ce harshen da ƙwaƙwalen biyu ke magana da shi, kuma duk wanda ya taɓa ta ya taɓa giya ko bai buɗe fayil ɗinta ba. Ya kamata a ce sun naɗi canjin giya ko sau ɗaya a kan titi kafin su miƙa makulli.

Mafi yawan lalacewar kuwa, a ganina, a satuttuka huɗun da mai motar ya yi yana ƙara matsi ta faru, musamman bayan ya kashe janye ƙarfin inji. Ina jin tausayinsa a nan, domin ba da jahilci ya yi ba. Iliminsa na gaskiya ne, shekara goma ya gwada shi, sai dai na akwati ne mai ɗamara da bawul ɗaya na matsi, inda ƙarfe ke rufa wa kuskuren lissafi asiri. Alamar da ta kamata ta tsayar da shi ita ce dawowar matsalar bayan kwana uku. Gyaran da ke narkewa da kansa yana nuna akwai wani abu a cikin motar da ke warware shi, kuma a karo na farko da ya ga haka ya kamata ya ajiye kwamfutar ya nemi dalili, maimakon ya tashi daga 15 zuwa 25. Kwafar lambobin Z06 kuskure ne mai arha, kwana biyu kawai ya ci. Amma tunanin da ke bayansa yana da rabin gaskiya: akwatin da ke ɗaukar Nm 881 ba zai gaza a 690 ba. Abin da Z06 ke da shi wanda tasa ta rasa shi ne ƙwaƙwalwar inji mai faɗar ainihin ƙarfinta.

Ina ganin wannan ya shafi makanikanmu ma, ko da ba su taɓa ganin Corvette ba. Akwatin 6L80 shi ne a cikin Tahoe da Suburban da yawa, 8L90 kuma a cikin wasu Escalade da Yukon Denali, irin waɗanda ake gani a Abuja da Kano. Ba sai an ɗaura sufacaja ba: ma'aunin iska da ya yi datti da ƙurar hunturu, ko na jabu da aka sa a madadin na asali, yana iya karkatar da wannan lambar, giya ta fara wasa, a sauke akwati mai lafiya a ce shi ne.

Game da kulocin da ya sirance, na fi karkata ga shawarar dattijon, ta a bar shi tukuna, a kan ta waɗanda suka ce a buɗe akwatin yanzu. Matuƙar canjin yana kamawa cikin lokaci kuma man bai sake duhu ba, babu dalilin sauke shi. An tsayar da cewa za a riƙa duba man da lambar wannan kulocin duk bayan kilomita 10,000, kuma ranar da lambar ta fara tafiya gaba daga inda take yanzu, a canza faifan kafin su kai ga cin ƙarfen da ke riƙe da su.